Tauraron ɗan'adam a cikin gwangwani: yadda muka haɗa namu a Samaru

Da muka zauna tsara aikin, burin kowa CubeSat ne, wato ƙaramin tauraron nan mai santimita 10 ta kowane gefe, wanda Bob Twiggs na Jami'ar Stanford da Jordi Puig-Suari na Cal Poly suka fito da tsarinsa a 1999. Ba mafarki ba ne, tunda a 2017 an harba NigeriaEduSat-1, wanda Jami'ar Fasaha ta Akure da hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, suka yi tare da wata jami'ar Japan. Sai dai kuɗin gwaji da na harbawa sun fi ƙarfin aljihun ɗalibi, don haka muka fara da CanSat: tauraro mai girman gwangwanin lemo, faɗi milimita 66, tsayi 115, nauyi kada ya haura giram 350. Ba ya zuwa sararin samaniya. Ana ɗaga shi sama ne a sake shi, ya sauko da lema yana aiko da bayanai. Amma yana da sassan da babba yake da su: wuta, kwamfuta, na'urorin awo, rediyo, da tashar karɓa a ƙasa.

Kayan da muka sa su ne ESP32 a matsayin ƙwaƙwalwa, BMP280 don matsin iska da zafi, MPU6050 don juyi da girgiza, GPS samfurin NEO-6M, rediyon LoRa (mai aika saƙo nesa da ƙaramar wuta) samfurin SX1278 mai aiki a kan 433 MHz, katin memori, da batir 18650 guda ɗaya. Duka a kan bolt 3.3 suke magana da juna, abin da ya sa muka bar Arduino mai bolt 5, domin yana iya ƙona rediyon. Gangar jikin kuwa ba gwangwanin gaske ba ne. Ƙarfe yana tare siginar GPS da ta rediyo, sai muka yanka fayif ɗin roba na masu aikin famfo, muka huda shi ta gefe.

Kafin a cusa komai ciki, a baje kayan a kan tebur, a haɗa su ɗaya bayan ɗaya, a bar su suna aiki awanni. A nan matsalar wuta take tona kanta. Duk sanda rediyon ya yi aike da cikakken ƙarfinsa yana jan kusan miliamfa 120 a lokaci guda, idan kuma ya haɗu da rubutu a katin memori sai wutar ta faɗi, ESP32 ya mutu ya sake tashi. Mai kallon allo zai rantse lambar da aka rubuta ce, wato umarnin da aka bai wa kwamfutar, ta sami kuskure, alhali batir ne. Batirin da aka rubuta wa 9900mAh a jiki, a ajiye wa mai shi kayansa: na gaske ba ya wuce 3500 da ɗan wani abu, nauyinsa kuma wajen giram 45. Mu da ƙaramin sikeli muke zuwa saye. Kafasito, ɗan abin da ke ajiye wuta ya sake ta idan ta faɗi, mai 470 µF dab da ƙafafun rediyon shi ya kashe sauran matsalar. Wayoyin nan na sokawa kuma na tebur ne kawai, fizgar buɗewar lema tana zare su. Komai a liƙe shi da dalma, a ɗaure batirin, a danne katin memori da salatif.

Eriya waya ce miƙaƙƙiya mai kusan santimita 17, wato rubu'in tsawon zangon 433 MHz. Kada a kunna rediyo babu ita, yana iya lalacewa.

Lema ita ce inda lissafin littafi ya saba da Zariya. Garin yana sama da teku da fiye da mita 600, matsin iska kan tsaya wajen 940 hPa (ma'aunin matsin iska), ga zafin rana, don haka nauyin iska kusan kilo 1.08 ne a kowace mita kubik a maimakon 1.225 da ake samu a littattafai. Muna son saukar mita 8 a daƙiƙa. Da nauyin giram 350 da ma'aunin jan iska 0.75 na shimfiɗaɗɗiyar lema, lissafi ya ba mu faɗin santimita 41, ba 39 na lissafin littafi ba. Yadin tsohuwar lemar ruwa muka kai wa tela ya yi masa kalmasa, muka sa igiyoyi takwas masu tsawo ɗaya, da ƙaramin rami a tsakiya don rage lilo. Igiya ɗaya ta gaza sauran da santimita biyu, gwangwanin zai sauko yana juyi kamar katantanwa, bayanan MPU6050 su zama shirme. Da kwalbar ruwa mai nauyi ɗaya ake gwada lema daga saman bene, ba da kayan lantarki ba.

Haka ma BMP280. Idan aka bar masa 1013.25, matsin iska na bakin teku da ke cikin lambar misali, tsayin da zai nuna ba shi ake nema ba. A karanta matsin iska a filin kafin tashi, a mai da shi sifiri. Daga nan kowane 1 hPa da ya ragu kusan mita 9 ne. A kuma nisanta shi da ESP32 da hasken rana, in ba haka ba zafin cikin fayif zai riƙa aunawa.

Daga mita 100, saukar duka daƙiƙa 12 ce ko 13. Mai aunawa sau ɗaya a daƙiƙa zai tashi da layi goma sha biyu kacal. Mu sau 10 a daƙiƙa muke rubutawa a kati, mu aika biyu ta rediyo. Wannan ya sa muka saita saurin aiken LoRa a matakin SF7, inda saƙo ke fita cikin ƙasa da rubu'in daƙiƙa. SF12 ya fi nisa, amma saƙo ɗaya yakan ci fiye da daƙiƙa guda. Kowane layi da lambarsa a gaba, don a san nawa suka ɓace a hanya. GPS kuma a kunna shi a fili, a jira ya kama taurari kafin a ɗaga.

Batun ɗagawa ba na wasa ba ne a garin nan. Kwalejin horar da matuƙa jirgin sama tana nan tun 1964, ƙananan jiragenta suna shawagi ƙasa-ƙasa. Jirgi maras matuƙi ko balan-balan sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta hannun sashenmu na makaranta, a rubuce. Da sassafe muke fita, domin iskar hunturu mai gudun mita 5 a daƙiƙa tana kwashe gwangwani mita 60 kafin ya taɓa ƙasa, hazo kuma ya ɓoye shi. Jar lema da ƙaramar na'ura mai ƙara suna sauƙaƙa nema a cikin karan dawa, a kuma gaisa da mai gona tun kafin a shiga.

Wanda zai wuce zuwa CubeSat zai tarar da ƙarin sharuɗɗa: gwajin girgiza, gwajin zafi da sanyi a inda babu iska, rajistar zangon rediyo, da makunnin da ke hana komai aiki har sai an saki tauraron. Eriyarsa a naɗe take tafiya, ɗaure da zaren nailan, sai bayan minti 30 wata 'yar waya ta yi zafi ta ƙone zaren. Wannan sashen muke gwadawa a kan tebur yanzu, da ƙarfen tef ɗin awo na kafinta a matsayin eriya.