Saƙon Godiya Bayan Taron Karramawa

Alhamdu lillahi, taron da abokan aiki da tsofaffin ɗalibaina suka shirya domin karrama ni a makon jiya ya tashi lafiya, kuma saƙonnin da suka biyo baya sun fi ƙarfin in amsa su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ga ya dace in yi godiyata a bainar jama'a. Ina godiya ga shugabannin tsangayarmu, da malaman da suka gabatar da maƙaloli, da duk wanda ya yi doguwar tafiya domin ya halarta. Allah ya saka wa kowa da alheri.

A wajen taron an yi ta lissafa rubuce-rubucen da na wallafa kan yaɗuwar ƙyanda, da yawan masanan da suka kafa hujja da su a nasu binciken. Na ji daɗi ƙwarai, sai dai akwai mutanen da ba a ambata ba a ranar, alhali da bazarsu na yi rawa duk tsawon shekarun nan. Har yau ina tuna wata ma'aikaciyar lafiya a wani ƙaramin asibiti, da littafin rajistarta wanda bangonsa ya daɗe da yagewa, tana zaune a gaban kowace uwa tana tambayarta cikin haƙuri: "Mama, wace rana zazzaɓin ya fara, kuma yaushe ƙurajen suka fito?" Ba ta taɓa rubuta kwanan wata da ka ba. Daga wannan littafi muka fara lura da jarirai masu kamuwa tun kafin su cika wata 9, wato kafin lokacin yi musu allurar rigakafin ƙyanda ta farko, kuma a kan wannan lura aka gina mafi yawan abin da aka yabe ni a kansa.

Irin aikin da ta yi shi ne tushen fannin binciken yaɗuwar cututtuka tun asali. A 1846 wani matashin likita ɗan ƙasar Denmak, Peter Panum, ya bi ƙauyukan tsibiran Faro da ke arewacin Tekun Atlantika yana tambayar ranar da mutum ya haɗu da mara lafiya da ranar da ƙuraje suka fito masa, har ya gano cewa tsakaninsu kimanin kwana 14 ne, kuma tsofaffin da suka yi ƙyanda a annobar 1781 ba su sake kamuwa ba. Da tambaya da rubutu kawai ya cimma wannan, tun ba a san ƙwayar cutar ba. Yanzu mun san cewa mutum ɗaya mai ƙyanda yana iya harbin mutum 12 zuwa 18 a cikin waɗanda ba su da kariya, kuma sai an yi wa kashi 95 cikin ɗari na yara allura sau biyu kafin a toshe mata hanya. Cutar da ke gudu haka ba ta jure wa ƙidayar ganin dama, domin yaro ɗaya da ya kuɓuce wa rajista yana iya zama mafarin ɓarkewar da za a gano bayan ta yi nisa.

Godiya ta musamman ga iyaye matan da suka amince aka ɗebi jinin 'ya'yansu. Wata ta riƙe hannuna ta ce, "Likita, me za ku yi da jinin ɗana?" Na yi mata bayani gwargwadon iyawata, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta miƙo hannun yaron da kanta. Amanar da ta ba ni ita ta hana ni sakaci da lissafi ko da sau ɗaya. Haka kuma ina godiya ga ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, da direbobin da suka kai samfura cikin akwatin sanyi ba tare da sun lalace ba, da iyalina da suka jure rashina a duk lokacin da annoba ta ɓulla.

Ga ɗalibaina da suka karɓi ragamar binciken, ƙofata a buɗe take, kuma dukkan bayanan da muka tara suna hannunsu. Abokan aikinmu da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda wasunsu a bakin aiki suka kamu da ciwon ajalinsu, Allah ya jiƙansu da rahama, ya albarkaci bayansu.