Gadar "Body and Soul" ta buɗe mini bayan mako 3

'Yan'uwa, jiya da la'asar sakaliya na busa gaɓa ta 17 zuwa ta 24 na waƙar "Body and Soul", wato tsakiyarta da ake kira gada (gaɓa kuwa ita ce ma'aunin da ake raba kiɗa da shi), tare da faifan Coleman Hawkins, mai busa saksofon na jaz, daga farko har ƙarshe, ban yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Na mayar da faifan baya na sake, ta sake fita, na yi ta uku ita ma haka. Sai na ajiye saksofon a kan katifa na zauna shiru ina jin bugun zuciyata, don mako 3 cif na yi a kan gaɓoɓin nan 8 kamar mai ɗibar ruwa da kwando.

Ɗaukar da nake kwafa ita ce ta ranar 11 ga Oktoba 1939, wadda ya yi a New York ƙarƙashin tambarin Bluebird, 'yan watanni bayan dawowarsa daga Turai inda ya shafe shekara 5. Fiyanon Gene Rodgers ya share fage da gaɓa 4, sai Hawkins ya karɓa ya yi zagaye 2, gaɓa 64, duka cikin kimanin minti 3, kusan iyakar abin da fuska ɗaya ta ƙaramin faifan garmaho ke ɗauka a lokacin. Lissafina na farko shi ne gaɓa 8 a mako, in gama a mako 8, kuma kowane yanki in bi shi daki-daki: in rera da baki, in nemo a saksofon, in rubuta, sannan in yi nazari. Yau ina mako na 9 kuma a gaɓa ta 24 nake. Matakan nan kuwa tuni suka cakuɗe, wata rana ina rerawa fensir na hannuna, wata rana nazarin ne ke gaya mini sautin da kunnena ya kasa kamawa.

Gaɓa 16 na farko sun ci mako 6, amma wahalarsu mai daɗi ce. Waƙar tana kan D filat, wato E filat ke nan a wurinmu masu saksofon tena, don sunayen sautukanmu suna gaba da na fiyano da taki ɗaya, filat 3 a goshin layi (filat alama ce ta sauke sauti rabin taki, shaf kuma ta ɗaga shi). Yana taɓa ainihin karin waƙar a 'yan gaɓoɓin farko kawai sannan ya sake shi ya bi kod-kod ɗin, wato rukunin sautukan da ake bugawa tare a ƙarƙashin waƙar, kuma duk abin da na rubuta ina ganin inda ya dosa.

Da na shiga gada sai komai ya dagule. Sautukan ɗaya bayan ɗaya ina samunsu, wannan ba matsala ba ce. Ina tsayar da faifai, in nemo sautin a saksofon, in rubuta. Amma idan na gama na dubi takardar, sai in ga abin da ba shi da kai ba shi da ƙafa: E mai alamar soke filat, sai A filat, sai B ita ma an soke mata filat, can ga G filat, ga D filat, ga A tsirara a tsakaninsu. Idona ya kasa haɗa ko sautuka 3 su zama abu ɗaya, kuma abin da ido bai haɗa ba yatsu ba sa riƙe shi. Ina haddace gaɓa ta 18 da dare, da safe ta gudu. Na rage gudu zuwa rabi, na yi ta maimaita gaɓa ɗaya har sai da mai ɗakina ta fara rera ta a kicin ba tare da ta sani ba, ni kuwa da na ɗauki saksofon sai yatsuna su sarƙe a wuri ɗaya. Raina ya ɓaci sosai. Akwai daren da na rufe akwatin na ce wannan ba ajina ba ne tukuna, in koma wani solo mai sauƙi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne har nazari na rubuta a gefen takardar. Na yi ta auna sautukan da E filat, ina cewa ga shi nan ya fita daga ki, wato gidan sautin da waƙar ke zaune a kai, ga shi ya dawo, ga wata dabara ta zamani tun a 1939. Shafi guda na cika da wannan bayanin, kuma duk a kan kuskure na gina shi.

Na san wani zai ce ai kowa ya san gadar wannan waƙa tana hawa rabin taki. Ni ma na sani, tun kafin in fara. Sanin yana kaina amma bai sauko hannuna ba, kuma ga dalili. A saksofon maɓallin ƙaramin yatsan hagu ɗaya ne ko ka kira shi G shaf ko A filat. Na ƙaramin yatsan dama haka yake, D shaf ko E filat. Yatsan tsakiya na dama F shaf ne kuma G filat ne, in ka ɗage yatsu duka C shaf ne kuma D filat ne. Mako 6 na yi ina kiran waɗannan da sunayensu na filat, har ya zama da zarar ƙaramin yatsana ya taɓa maɓallin, fensir ya riga ya rubuta A filat kafin in yi tunani. Ita A filat ɗin ma ba ta buƙatar wata alama tunda tana goshin layi, shi ya sa ta yi mini kama da 'yar gida, sauran kuma baƙi.

Ranar Lahadi na daina sauraron Hawkins gaba ɗaya. Na ƙara ƙarfin sautin ƙasa, na bi bes da hannun hagun mai fiyano kawai, ina rubuta tushen kowane kod a ƙarƙashin gaɓarsa. Ɗaukar tsohuwa ce, bes ɗin yana can a lulluɓe, sai da na yi kusan awa 2. A ƙarshen gaɓa ta 16 na ji an karkata, a farkon ta 17 tushen ya sauka a kan D, wato E tawa. Na rubuta E ɗin a ƙasa, na ɗaga ido na ga E, A filat, B a samanta, sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. E, G shaf, B ne. Kod mafi sauƙi da kowa ke koya a watan farko, layi na ɗaya, na biyu, na uku, a jere kamar matakala. Ni ne na ɗauke ta tsakiyar na ajiye a fili tsakanin layi biyu, siffar ta ɓace.

Na ɗauki sabuwar takarda na sa shaf 4 a goshin gaɓa ta 17 na sake kwafe komai. G filat, A, D filat, E suka koma F shaf, A, C shaf, E. B, E filat, G filat, A suka koma B, D shaf, F shaf, A, kod ɗin da ke mayar da kai gida E. A gaɓa ta 21 na sake sauya goshin zuwa shaf 2, tunda nan waƙar ta gangara C, D ɗinmu, kafin kod 3 na ƙarshe su sauko rabin taki rabin taki, D, C shaf, C, su miƙa ka ga F ƙarami na farkon waƙar. Yawancin abin da na ɗauka baƙi ne ashe hawa da sauka ne a kan sautukan kod, da 'yan sautukan ratse da yake bi ya haɗa su. A wannan gyaran ban canza ko sauti ɗaya ba daga abin da kunnena ya ji tun farko, sunayen kawai na gyara. Cikin kwana 2 yatsuna suka riƙe abin da suka ƙi riƙewa mako 3, kuma wallahi ina alfahari da wannan takardar fiye da duk abin da na taɓa rubutawa.

Wajen sake kwafewar na gano wata ɓarnar kuma. Karkarwar sautinsa mai faɗi ce, idan ka rage gudu zuwa rabi sai sauti ɗaya dogo ya yi kamar biyu suna musaya. A wuri 4 na rubuta sautukan da babu su. Na goge, kuma yanzu ba na sauka ƙasa da kashi 70 cikin 100, in na yi shakka in koma cikakken gudu in rera da baki.

Hunturu kuma ya yi mini nasa aikin a cikin makonnin nan. Rid, wato ɗan karan da ake ɗaurawa a bakin saksofon, guda 3 cikin kwali mai 5 suka bushe suka tsage, ga shi sai an aiko mini daga Legas, kuɗin kwalin da na mota sun cinye abin da na ware don gyaran maɓallin da ke yoyon iska. Yanzu a cikin ƙaramar roba mai murfi nake ajiye su tare da ɗan soso mai laima.

Abin da bai warware ba shi ne rubuta tsawon sautuka. Akwai wurare a gadar da yake cusa sautuka da yawa cikin bugu ɗaya, ba su rabu 4 daidai ba, ba su rabu 3 daidai ba, wani ya ɗan ja wani ya ɗan yi sauri. Na rubuta su yadda suka fi sauƙin karantawa na ja kibiya a sama inda ya jinkirta, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Wanda ya taɓa kwafar wannan solo a cikinku, don Allah ya nuna mini yadda ya yi da su. Gada ta biyu tana jirana a gaɓa ta 49, na riga na ja layukanta na sa shaf 4 a goshi tun yanzu, kuma gobe in Allah ya kai mu zan fara gaɓa ta 25.