Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Kirsimetin da ba a ɗinka mana komai ba

A makon jiya na tsaya a inda aka garƙame ƙofar masaƙar da Baba yake aiki a Kakuri, aka ce ma'aikata su koma gida sai an neme su. Har yau ba a neme su ba. Ƙarshen 2002 ke nan, ina da shekara 13, Kaduna kuma ba ta gama wartsakewa daga rikicin watan Nuwamba ba. Mama ta ce ita kam ba za ta yi Kirsimeti tana kasa kunne ko za ta ji ƙarar bindiga ba. Muka ɗaure 'yan komatsanmu muka kama hanya, Zariya, Funtuwa, Malumfashi, daga nan a-kori-kura ta ƙarasa da mu ƙauye, duk mun yi furu-furu da ƙura.

Sai wanda ya tashi a gidan ma'aikacin masaƙa zai gane abin da ke cin raina. Tun da na yi wayo, Disamba ba ta taɓa kamawa ba Baba bai shigo da turmin atamfa a hammata ba. Mu ne masu anko, mu ake kallo idan mun zo ƙauye. A wannan shekara kuwa 'yan matan ƙauyen, waɗanda iyayensu suka sayar da auduga, kowace ɗinkinta na wurin tela, ni 'yar birni ina fama da rigar bara wadda ta ɗage mini har gwiwa. Ga shi matar mai bishara ta ce ni zan fito a Maryamu a wasan kwaikwayon ranar, wai don na iya karatu da ƙarfi. Na ce ba zan yi ba. Mama ta harare ni, na ce ko za a yanka ni.

Na Baba ya fi nawa, amma lokacin ban lura ba. A majami'armu ta ECWA maza kan haɗa kuɗi su sayi sa a yi watanda, a kira mahauci Musulmi ya yanka domin maƙwabta su ci hankalinsu kwance, tun da su ma a farkon watan nan sun cika mana gida da tuwon ƙaramar Sallah. Shekara da shekaru Baba kashi biyu yake ɗauka. Ranar da aka zo rubuta sunaye sai ya saɓa fartanya ya nufi gona, gonar da an riga an girbe, ba komai cikinta sai kara.

Daren 24 ga wata sanyi ya sauko kamar da gayya. Mata 'yan Zumunta suna can suna gwajin waƙa, ana jiyo tulu da ganga. Ni kuwa na shige ɗakin Kaka, mahaifiyar Baba, na zauna ina kumbure-kumbure. Tana bakin murhu da mazarinta tana kaɗi.

"Kishiya, wa ya taɓa mini ke?"

Na ce ba kowa.

"To ɗauko mini littafin mijin namu a cikin adaka. Ido gare ki, ki yi mini aiki da shi."

Littafi Mai Tsarki ne na marigayi kakana, irin fassarar farko ta 1932 wadda su Likita Mila na Zariya suka yi aikinta, an yi masa riga da fata, gefen takardun duk ya yi baƙi. Kaka ko harafi ɗaya ba ta sani ba, amma ta ce in buɗe Luka sura 2. Na matso da aci-balbal na fara karantawa da gudu don in gama: umarnin Kaisar na ƙidaya, tafiyar Yusufu da Maryamu daga Nazarat zuwa Baitalami, rashin wuri a masauki. Ina kaiwa aya ta 7 ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Da me ta naɗe shi?"

Na ce da 'yan tsummoki, Kaka.

"Ina ta kwantar da shi?"

Na ce a komin dabbobi.

Ta ajiye mazarin, ta tsinko auduga daga tulin da ke gefenta ta miƙo mini. "Wa ya yi wannan?" Na ce Allah. Ta ce, "To mai audugar duniya duka, ranar da ya zo ba a ɗinka masa ko 'yar shara ba. Ke wace ce?"

Haushi ya ƙara kama ni, don na ɗauka faɗa ne aka biyo da shi ta bayan gida. Amma ba ta ci gaba da ni ba, sai ta koma kan kanta. Kaka a gidan Maguzawa aka haife ta, da 'ya'yanta uku aka yi mata baftisma. Ta ce a gidan ubanta kowane iska da abin da yake so, wani jan zakara, wani baƙar akuya, a kai gindin tsamiya a zubar da jini. Ciwo ya zo a kai, damina ta yi gardama a kai. "Kullum mu ne masu kaiwa, kullum cikin tsoro, ba ka san ko an karɓa ba. Da mai bishara ya zo garin nan da kekensa, wa'azinsa na wuta da aljanna bai kama ni ba. Abin da ya kama ni, ya ce Allah da kansa ya taso ya zo inda muke, mace ta goya shi, ya ji yunwa, ya ji sanyi irin wannan. Na ce a raina, wanda ya yarda ya kwana da awaki ba zai ƙi ɗakina ba."

Sunan nan Immanuwel na sha rera shi a makarantar Lahadi, na kuma san fassararsa, Allah tare da mu, kamar yadda na san biyu sau biyu. A bakin tsohuwar nan na fara jin nauyin "tare". Daga baya na zauna gaban masu digiri a tauhidi suna bayanin yadda Kalma ya zama mutum, da Girkanci da komai, ban raina musu ba, amma ba wanda ya kai ni inda ta kai ni da ƙullin auduga.

Ta ce in ci gaba. Na wuce makiyaya da mala'iku, na kai inda aka je da jaririn Haikali a Urushalima aka miƙa hadayar kurciyoyi biyu ko 'yan tantabaru biyu. Nan ta ɗaga murya fiye da yadda ɗakin yake bukata. Ta ce mai bishara ya koya musu cewa a Shari'ar Musa ɗan rago ake kaiwa, tsuntsaye biyu rangwame ne ga wanda ba shi da hali. "Ashe Yusufu ma bai shiga watanda ba. A gaya wa wancan mai tsayuwa a bakin ƙofa, sanyi zai kama shi."

Ba ta taɓa kiran sunan Baba ba, ɗan fari ne. Na juya, sai na ga inuwarsa a jikin asabari. Ya yi gyaran murya ya ce, "Inna, ba ku kwanta ba?" Ta ce, "Muna hira da kishiyata." Ya ɗan jima a tsaye, sannan na ji takunsa ya yi nisa.

Da asuba ta fito mini da zanenta na saƙi, baƙin rini, wanda ita ta kaɗa zarensa tun tana amarya. Nauyi gare shi kamar bargo, ga warin hayaƙi. Kada in yi muku ƙarya, ban sa shi da murna ba, kuma da na hango 'yan anko sun jeru a gaba sai da hawaye ya cika mini ido. Talauci ba shi da daɗi ko a ranar Kirsimeti, shi ya sa har gobe nake ɗinka wa 'ya'yana. Amma na fito a Maryamu. Jaririn gaske aka ba ni, ɗan wata biyu, aka shimfiɗa harawa a kwando. Ana tsakiyar waƙar mala'iku ya tsula mini fitsari, ya jiƙa zanen Kaka sharkaf, majami'a ta kwashe da dariya. Kaka daga layin tsofaffi ta rangaɗa guɗa ta ce, "Ai mutum ne sosai!"

Baba yana benci na ƙarshe. Lokacin baiko, wato miƙa kyauta ga Allah, da aka fara fita layi-layi ana rawa, masu kuɗi da kuɗi, masu dawa da dawa, na ga ya tashi da ƙwaryar gyaɗa daga rumbun Kaka, ya bi layi har gaba ya ajiye. Bai yi rawa ba, amma bai sunkuyar da kai ba. Da muka koma gida muka tarar da kwanoni uku na nama a ƙofar ɗakin Mama, har yau ba mu san ko su wa suka rage daga kasonsu ba.

Da yamma, ina wanke zanen a bakin rijiya, ƙanen Baba ya zo suka zauna a zaure suna magana ƙasa-ƙasa. Na ji an ambaci sunana sau biyu, na ji an ambaci kuɗin makaranta. Bayan an ci tuwon dare Baba ya kira ni, ya ce idan za su koma Kaduna bayan sabuwar shekara, ni a nan zan zauna wurin Kaka. Yadda muka kwashe da shi a daren, sai mako mai zuwa.