Ƙarar babura ta hana mu barci a Mabera

Zafin Sakkwato a watan Afrilu ba ya barin mutum ya kwana a ɗaki, shi ya sa muke shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Jiya wajen ƙarfe ɗayan dare, Inna ta samu barci ke nan bayan ta sha maganin hawan jini, sai ga samari uku a kan babura. Sun cire salansa, suna murɗa totur kamar ana harbi. Ta zabura tana salati, jaririn maƙwabta ya tsala kuka.

Ba 'yan kabu-kabu nake nufi ba, su abinci suke nema. Waɗannan 'ya'yan unguwa ne, mun san iyayensu, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Yau bayan Isha'i zan je wurin mai unguwa.