Garin ƙwame da ruwan aduwa, ba na roƙo ba ne aikin hannu ne

Jama'a masu tambayata a WhatsApp me ya sa garin ɗiyan kuka nawa ya fi na Kasuwar Dole ta Damagaram tsada, to ga amsa. Ni ba na saye a niƙe, ƙwame, wato ɗiyan kukan, nake saye da ɓawonsa daga mutanen wajen Mirya, kuma kowane sai na kaɗa shi a kunne na ji yana kacau-kacau, alamar a bisa icce ya bushe kenan. Wanda aka kakkaɓo ɗanye shiru zaka ji, in ka fasa ciki ya dafe har da hunhuna. Bara wani mai kawo min kaya ya cusa min irinsu a ƙasan buhu har biyu, wallahi zubarwa na yi.

Wurin Goggo na koya, Allah Ya jiƙanta, a gidanmu na Birni. Ina ƙarama take zaunar da ni gaban turmi tana cewa sussuka za ki yi ba daka ba, kar ki fasa ƙwallon, sannan tankaɗe sau uku da rariyar laushi. Ko kusa bata bari a tafasa shi, ruwan sanyi kawai, sai da na girma na ji daga ma'aikatan lafiya cewa zafi na kashe bitamin C, shi ko ƙwame ya fi lemu wannan sinadarin nesa ba kusa ba, yana cikin masu kare jiki daga lalacewa. Aduwa kuma lokacin ɗari nake tara ta, a ɓare ɓawon, a jiƙa, a murje da hannu a tace, ɗacin nan mai haɗe da zaƙi shi ne ita. Har Masar an san ta a maganin gargajiya na ciwon sukari. Amma kaɗan ake sha, tana da nata zaƙin kuma tana sakin ciki.

Abin da ke ƙona min rai masu kwaikwayo. Su zuba garin rogo ya yi auki, wasu har sukari suke ƙarawa, su ɗaura a leda su ce yana warkar da diyabet, wato ciwon sukari, kwata-kwata. Mai ciwon sukari fa! Ni ban taɓa cewa kowa ya aje metformin ko allurar insulin ɗinsa ba kuma ba zan ce ba, nawa abin sha ne mai taimako a madadin lemun kwalba. Duk wanda ya zo sai na ce Alhaji an yi awo kuwa? In da safe kafin a ci komai sukarin jini ya kai giram 1,26 a lita a koma a sake, a nuna wa likita, a gaya masa ma abin da ake sha.

Sai wata ta ɗanɗana ta ce Hajiya rage min, can rabin kuɗin nan ne. Na ce Yaya sa nasu a harshe ki ji ko akwai tsamin nan. Sabon ƙwame na shigowa da ɗarin bana in sha Allah, mai so ya yi magana da wuri don ba na yi da yawa.