Ranar da na sauke tankin motata a Tawa

Motata Toyota Corolla ce ta 1996, irin waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano. Bayan daminar bara ta koyi tari: ina taka ta sai ta shaƙe, ta yi kamar za ta mutu, sannan ta farfaɗo. A hanyar Konni sau biyu ta tsaya mini kafin Badagishiri. Na canja filtar esansi, ba a yi mako biyu ba sabuwar ta toshe da wani jan gari kamar kwaɓaɓɓen jan wake. Kawuna, wanda ya tsufa a gareji, ya zazzage ta a tafin hannunsa, ya murza, ya ce: "Ɗana, ciwon yana cikin tanki. Ko filta ɗari ka saya, asarar jikkunanka za ka yi."

Ban yi gardama ba, don na san halina. Shekaru ina shan esansin kwalba na bakin hanya, kuma ba kowace kwalba ke da tsabta ba. Ruwa ya fi esansi nauyi, in ya shiga sai ya kwanta a gindin tanki yana cin ƙarfe, tsatsar kuma ta taru a ƴar rariyar da ke bakin famfon mai.

Na ce ni zan sauke da hannuna, shi ya zauna ya duba. Muka fara da sassafe kafin rana ta yi zafi. Na katse wutar famfo, na tada mota har ta mutu da kanta, don ƙarfin da ke cikin tiyo ya sauka, sannan na cire kan batir na baƙar waya. Muka sa duwatsu a tayoyin gaba, muka ɗaga baya da kirik, muka tokare da kututture biyu. Kawu ba ya yarda mutum ya shiga ƙarƙashin motar da kirik kaɗai ke riƙe da ita.

A wajen zuƙe mai na yi wauta. Tankin lita 50 yake ci. Na cika bido ɗaya na lita 20, babu wani a kusa, na kuwa ji ƙyuyar zuwa aro. Na ƙwanƙwasa tankin na ce saura kaɗan.

"Ka tabbata?" in ji Kawu.

"Na tabbata, Kawu, ku bar ni da shi."

Bai ƙara magana ba. Na kwanta a kan kwali, na kwance babban tiyon da ke zuwa daga bakin zuba mai, da na kai esansi inji, da na dawo da shi. Maɗauran ƙarfe biyu ne ke rungume da tankin, kusoshinsu sun ci ƙasa da tsatsa, sai da na jiƙa su da baƙin mai na jira. Na farko ya kwance lafiya. Ina sassauta na biyu, abin da na kira kaɗan ya gangaro gefe guda gaba ɗaya. Daga baya mun auna, lita 15 ne. Litar esansi ba ta kai kilo ba, wajen kashi uku cikin huɗu ce, wato kilo 11 ke nan ban da ƙarfen. A hannu ba wani nauyi ba ne, amma nauyi ne mai yawo, ka tare nan ya gudu can. Tankin ya sulluɓe daga kan katakon da na tara masa, ya rataye da wani siririn tiyon numfashi da ban ma san da shi ba a sama, esansi ya kwararo mini a ƙirji da hammata. Sanyi na fara ji, sannan raɗaɗi.

Abin da ban manta ba shi ne Kawu bai nufo ni ba. Dattijon da ke tafiya da ƙyar ya zabura ya yi wajen bakin ƙofa, inda yaran gareji suka hura gawayin shayi, taku bakwai ko takwas daga motar. Ya sure murhun ya fita da shi titi, ya juye masa butar alwala. Sai da ya dawo ya ja ni ta ƙafa.

Ina wanka da sabulu a bayan gareji yana faɗa ta saman katanga. Ba ruwan esansin ke kamawa da wuta ba, tururinsa ne, kuma tururin ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana rarrafe har ya iske garwashi. Shi ya sa tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari, don cike yake da tururi da iska, kuma shi ya sa mai walda da ya san aikinsa ba ya kai wuta jikin tanki don kawai an ce masa babu kome a ciki. Duk wannan na taɓa jinsa. Ban ɗauke shi magana ba sai da na tsaya tsirara ina warin esansi.

Da muka buɗe tankin, abin da ya fito ya kusa cika gwangwanin tumatir babba: tsatsa, rairayi, da ruwa mai kalar shayi. Rariyar famfon ta yi baƙi ƙirin. Muka ɗauraye shi, muka bar shi a inuwa baki buɗe har washegari, na sayi sabuwar rariya da siririn tiyon da na yaga. Wajen mayarwa ban yi jarumta ba, yaro ɗaya na riƙe da gefe, kirik da faffaɗan katako na riƙe da tsakiya.

Ta tashi a bugu na biyu, tarin ya tafi. Sai dai na zuba lita 20 allurar mai na kwance a ƙasa, ashe na manta ban mayar da wayar ma'aunin ba. Har na fara cire riga zan sake shiga ƙarƙashi, Kawu ya ɗaga kujerar baya ya nuna mini wani ɗan murfi da ke kai tsaye bisa tankin. Minti biyar aikin ya ɗauka.