Ashe daga filin yaƙi wannan aikin ya faro

Jama'a, na halarci taron reshen Red Cross na unguwarmu, wani dattijo cikin waɗanda suka kafa shi ya ba mu tarihi, wallahi jikina ya yi sanyi. Ya ce da akwatin magani ɗaya da gadon ɗaukar marasa lafiya suka fara, ofis babu, a zauren wani suke haɗuwa kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa.

Shi kuwa tushen abin gaba ɗaya wani ɗan kasuwa ne ɗan Suwizalan, Henry Dunant, harkar kasuwancinsa ta kai shi Solferino a Italiya a 1859 ya tarar an gama gwabza yaƙi, dubban sojoji kwance cikin jini ba mai ba su ko ruwa, sai ya tattara matan garin da ke kusa suka hau jinya ba ruwansu da ɓangaren da mutum ya yi wa yaƙi. A 1863 aka kafa kwamitin Red Cross a Janiba, 1864 aka sa hannu a yarjejeniyar farko ta kula da sojojin da aka raunata a yaƙi. Jan jinjirin watan nan kuma, alamar da wasu ƙasashe ke sawa a madadin jan gicciye na Red Cross, Daular Usmaniyya ce ta fara amfani da shi a yaƙinta da Rasha.

Abin da ya fi tsaya min a rai, Dunant ɗin nan karayar arziki ta same shi har aka manta da shi shekara da shekaru, sai a 1901 ya samu kyautar Nobel ta zaman lafiya ta farko. Yau ƙasashe sama da 190 na da ƙungiyar.

Reshenmu dai matasa yake nema, tsofaffin sun gaji.